Ashe akwai masu cin baƙin mai a ƙasar garejin ogana

Motata Golf ce tsohuwa, irin wadda in za ta hau tudu sai kowa a ciki ya yi shiru yana salati a zuci. Shekara kusan tara kenan ina kai ta gun bakanike ɗaya can wajen Farin Gada a Jos, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa sunkuyawa na kalli ƙasar da nake takawa ba, iyaka dai in tattare ƙafar wando kar ta ɓaci. Kun dai san yadda ƙasar gareji take, baƙa wuluk, ta daskare kaman kwalta, da rani ƙura bata tashi a wajen, da damina kuma ruwa baya shigarta sai ya kwanta a sama yana wannan kala-kalar ta bakan gizo kafin ya gangara kwata. Ko tsinken ciyawa babu. Ni dai a wajena matacciyar ƙasa ce an gama da ita.

Sai rannan 'yar yayata da ke ajin ƙarshe a jami'a, tana karantar ilimin ƙananan halittu, ta kira ni wai "Kawu yaushe za ka je juye?" Na ce ke kuma meye haɗinki da juyen mota, ko an saya miki ce ban sani ba? Ta ce a'a ƙasa take so, ƙasar gareji, ita ce furojet ɗinta.

Ranar Asabar muka je. Ta zo da safar hannu da ƙananan ledoji da wani ɗan cebur kaman na wasan yara, ga kula da ƙanƙara a ciki sai ka ce mai tallan zoɓo. Tana tsugunawa gefen ramin da ake juye yaran gareji suka bar aiki suka zagaye ta, shi ko oga ya fito daga ƙarƙashin wata Sharon yana goge hannu da tsumma, fuskar nan ba walwala, ya ja ni gefe ya ce "Malam lafiya dai ko? Ƙasar wajen neman abincina ce fa ake ɗiba." Sai a lokacin na tuna ashe a wajenmu ɗibar ƙasar wajen mutum ba ƙaramar magana bace, kowa ya san me ake zargi. Wallahi da ƙyar na danne dariya. Yarinyar ta miƙe ta gaishe shi da kyau ta ce "Baba ka yi haƙuri, da izini ya kamata in fara nema, makaranta zan kai, akwai wasu halittu a ciki masu cin baƙin mai su nake nema." Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce "Cin baƙin mai? To Allah ya ba su lafiyar ciki." Daga nan ya sake, har ya zagaya da ita bayan shago ya nuna mata wani lungu ya ce in dai tsohon mai take so to nan ne, tun zamanin ogansa ake zubarwa a gun.

Bai sani ba gata ya yi mata. A hanyar dawowa take min bayani, ni kuma daga baya na bi na karanta don bana son yarinya ta riƙa juya ni. Giram ɗaya na ƙasa, wato abun da bai cika kan ƙaramin cokali ba, yana ɗauke da bakteriya miliyoyi, in ƙasar mai kyau ce ma har biliyan. A ƙasar da mai bai taɓa zuba ba, waɗanda za su iya cin mai a cikinsu basu kai ɗaya cikin ɗari ba, suna nan dai a raɓe ba wanda ya san da su. Amma in aka shekara goma, ashirin ana tuttula mai a waje ɗaya, sauran sai su mutu ko su ja baya, su kuma waɗannan kakarsu ta yanke saƙa, su yi ta hayayyafa har su zama su ne masu gari. Shi yasa mai neman su baya zuwa gona, gareji yake zuwa, kuma tsohon gareji.

Yadda ake zaƙulo su ɗin ma ya burge ni saboda dabarar bata da wani wahalar ganewa. Ana haɗa wani ruwa ne mai gishiri-gishirin da halitta ke buƙata amma babu sukari babu komai na ci a ciki, haɗin da take amfani da shi sunan wasu masu bincike biyu yake ɗauke da shi, Bushnell da Haas, tun 1941 suka fitar da shi. Sai a ɗiga baƙin mai kaɗan, kaman kashi 1 cikin 100, a zuba 'yar ƙasar a rufe a ɗora kan wani inji da ke jijjiga kwalaben dare da rana. Ka ga kenan duk wanda ke cikin kwalbar nan ko ya ci mai ko ya mutu da yunwa. Bayan sati ɗaya da 'yan kwanaki ta turo min hoto a WhatsApp, kwalba biyu a jere. Wadda ba a sa ƙasa ba ruwanta garau man na yawo a sama yadda aka zuba shi. Ɗayar kuwa ta yi duhu-duhu kaman ruwan koko, man ya farfashe ya zama 'yan ɗigo-ɗigo. Daga nan ta riƙa shafa su a faifan gilashi tana ware su ɗaya-ɗaya, tana rina su tana leƙawa a madubin ƙara girma, an sha ɗauke musu wuta a tsakiyar aiki ta sha kuka, amma dai a ƙarshe sunayen da suka fito mata su ne waɗanda kusan duk mai irin wannan binciken a ƙasar nan ke cin karo da su: Pseudomonas, Bacillus, Micrococcus. Wasu kan samu Acinetobacter da Rhodococcus, har da su fumfuna irin Aspergillus.

To wai ta yaya abu mai rai zai ci baƙin mai? Nan ne na fi daɗewa ina juya abun a kaina. Fetur da gas da man inji duk dangi ɗaya ne, kabon ne da haidirojin a jere kaman carbi. Na fetur gajere ne, 'ya'yan carbin basu wuce goma sha biyu ba shi yasa yake tashi a iska nan da nan, na gas ya ɗan fi tsawo, na man inji kuwa dogo ne daga ashirin zuwa sama, shi yasa yake da kauri yake kuma daɗewa a ƙasa. Ita bakteriyar tana da wani sinadari a jikinta, enzaim, da ke kama ƙarshen carbin ya liƙa masa oksijin. Da zarar an yi haka abun ya fara komawa kaman kitse, kitse kuwa ai duk mai rai ya san yadda ake cinsa, sai ta riƙa gutsura biyu-biyu har ta cinye, ta samu ƙarfi ta hayayyafa, abun da zai rage iskar da mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi ce da ruwa. In ka tuna cewa shi kansa ɗanyen man asalinsa matattun ƙananan halittun ruwa ne da suka kwanta a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi, kuma tun kafin a ƙera mota yake tsattsafowa da kansa a wurare da dama, sai ka ga ba abun mamaki bane don an samu masu cinsa. Allah bai bar komai ba mai ci.

Sai dai akwai matsala ɗaya, mai da ruwa basa haɗuwa, ita kuma bakteriya a cikin danshi take rayuwa. To ashe sabulunsu suke yi da kansu. Pseudomonas tana fitar da wani abu mai kumfa da ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo yadda za ta iya kama shi, shi ne abun da na gani a hoton kwalbar nan. Bacillus subtilis ma tana da nata irin sabulun. Kuma nan ne yarinyar ta kashe ni, ta ce "Kawu ka san Bacillus subtilis ai, kullum kana cinta." Na ce a ina? Ta ce ita ce ke mayar da kalwa daddawa. Wato wannan warin da ke tashi in an buɗe daddawa bayan kwana uku a rufe, aikinta ne. Na ce to shikenan gobe sai in kai wa oga daddawa ya barbaɗa, ta ce a'a ba haka bane, suna ɗaya ne amma kowacce da inda ta saba, kaman dai a ce Bahaushen Jos da na Sakkwato, wani ya iya sanyi wani ya iya rana.

Tambayar da na yi mata, wadda na san kowa zai yi, ita ce in dai suna nan kuma suna ci, me yasa ƙasar ogana take nan baƙa ƙirin shekara da shekaru? Amsar ita ce a shaƙe suke. Matakin farko na cin man da oksijin ake yinsa, shi kuma man ya toshe duk 'yan ƙofofin da iska ke bi ta shiga ƙasa, ga motoci kullum suna bi ta kai suna daddanne ta, in ka sa diga a wajen sai ka ji kaman siminti. 'Yan saman ne kawai ke ɗan samun iska. Ga kuma abincin nasu tuwo ne ba miya, kabon ya yi yawa amma naitirojin da fosfaros da za su gina jiki da su babu, masana kan ce a kan kowane kashi 100 na kabon ana son kaman 10 na naitirojin da 1 na fosfaros, a ƙasar gareji kuwa ina za a same su. Da rani wajen ya bushe ƙamas, da damina ruwa ya kwanta ya ƙara toshe iskar. Mu a Jos ma akwai ƙarin wani abu, sanyi. Sun fi son ɗumi, kaman daga digiri 25 zuwa 35, mu kuwa muna kan tudu sama da mita 1,200, a Disamba da Janairu da dare sai ya sauko kusan 10, lokacin da mu kanmu bama son fitowa daga bargo su ma aikin nasu ja baya yake, man kuma ya ƙara kauri. Kuma duk wannan a gefe, ko da sun ci cokali ɗaya yau, gobe da safe yaro zai zo ya tuttula musu kofi.

Kenan maganin ba wai a kawo wasu sabbin halittu daga waje bane, a buɗe wa na gida hanya ne. An gwada wannan a babban waje. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi karo da dutse a gaɓar Alaska ta Amurka, ɗanyen mai kusan galan miliyan 11 ya malale a teku ya shafe duwatsun bakin ruwa. Cikin abubuwan da aka yi har da fesa taki a gaɓar, taki fa, mai naitirojin da fosfaros, ba a zuba ko bakteriya ɗaya ba don akwai su a wajen, kuma an ga inda aka sa takin man ya fi saurin raguwa. A ɗaya gefen kuma akwai labarin Ananda Chakrabarty, ɗan asalin Indiya da ke aiki da kamfanin General Electric, wanda a farkon shekarun 1970 ya harhaɗa wata Pseudomonas a ɗakin gwaji mai iya cin kala-kalar sinadaran mai a lokaci ɗaya. Rigimar ko mutum zai iya mallakar abu mai rai da sunan shi ya ƙirƙira sai da ta kai kotun ƙolin Amurka, a 1980 alƙalai 5 suka yarda 4 suka ƙi. Ya ci shari'a ya yi suna a duniya, amma ita halittar tasa ba a taɓa sakinta a kan wata malalar mai ba. Na kawo wannan ne don na san halinmu, gobe-gobe wani zai shigo gareji da jarka mai rubutun Turanci ya ce ga maganin baƙin mai daga waje, a yi ta rububi. Sau da yawa waɗanda aka kawo daga wani waje basa ma iya gogayya da 'yan gida, kwana kaɗan sun ɓace.

Ni da bana iya jin abu in bar shi, sai na ce bari in gwada. Na koma gun oga da buhu na sa yara suka fasa min ƙasar lungun nan da diga, na kawo gida na raba a tsofaffin bahon roba uku a bayan ɗaki, uwargida tana ta faɗa wai na rasa abun kwasowa sai dattin gareji. Baho na farko ban taɓa shi ba. Na biyu ina dai juya shi duk bayan kwana uku ina yayyafa ruwa. Na uku na haɗa masa da busasshen kashin kaji da na roƙa gun maƙwabcina mai kiwon kajin ƙwai, da ɗan garin katako da na ɗebo a kasuwar Katako don ƙasar ta saki jiki iska ta shiga, shi ma ina juyawa ina yayyafawa. Ruwan ba jagab ake so ba, kaman tsumman da aka matse. Sati biyun farko ba abun da na gani sai wari, warin kashin kaji da na baƙin mai in sun haɗu ba a magana, har na fara tunanin in kwashe in zubar kafin a kore ni daga gidan. Wajen sati na shida sai na lura na ukun ya daina kama hannu, in ka dunƙula sai ya wargaje, baƙin ya fara komawa ruwan ƙasa, warin man ya ragu sosai har wani ƙamshi-ƙamshin ƙasar damina yake. Da aka yi wata biyu da ɗan wani abu na shuka wake a duka ukun. Na farko ko ɗaya bai fito ba, da na tona na tarar da su sun ruɓe. Na biyu 'yan kaɗan suka leƙo a ƙanjame ganyen rawaya. Na uku kuwa suka fito gwanin sha'awa.

Na ɗauki hoto na tura mata ina jiran yabo, yarinyar nan ta watsa min ruwan sanyi. Ta ce "Kawu ka yi ƙoƙari amma kar ka yi saurin murna." Wai abu na farko, da na zuba taki da garin katako ai na surka ƙasar ne, ko ba bakteriya dole man ya ragu a kowane cokali. Abu na biyu, wani ɓangaren, musamman fetur ɗin da ake wanke kayan inji da shi, iska ce ta kwashe da nake juyawa. Abu na uku, fitowar wake alama ce kawai, in ana son sanin nawa ya rage sai an kai inji ya auna. Sannan ta ce ko da wasa kar wanda ya ci waken nan, kar a ba akuya ganyen. Raina ya ɗan sosu amma gaskiyarta ne.

Dalilin hana cin waken shi ne inda duk wannan labarin mai daɗi yake tsayawa. Man da aka juye daga inji ba mai ne zalla ba. Ya kwaso gogaggen ƙarfen inji, akwai tutiya da tun a kamfani ake sa ta a man don rage cin ƙarfe, akwai tagulla, akwai dalma, ga kuma abun da ke fitowa daga ɓangaren masu batir da rewaya da masu fenti da walda duk a ƙasa ɗaya yake ƙarewa. Bakteriya na iya cinye mai don mai carbi ne da ake tsinkawa, amma dalma dalma ce, ba abun da za ta koma, ko shekara ɗari aka yi tana nan. Mu kuwa a Arewa ba sai an mana dogon bayani kan dalma ba, mun ga abun da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake daka wa a cikin gidaje. A can ba wata halitta da aka zuba, kankare saman ƙasar aka yi aka kwashe aka binne a waje na musamman aka kawo sabuwa. Ban ce ƙasar gareji ta kai wannan ba, ko kusa, amma dai duk wanda ya gyara ƙasar tsohon gareji da taki ya ga ta yi kyau ya ce zai shuka alayyafo ko ya bar yara su yi wasa a kai ba tare da an auna ba, ya yi ganganci. Akwai kuma wasu sinadarai da ƙonewar mai a inji ke haifarwa, su ba carbi bane zobba ne a manne da juna, suna da taurin kai sosai bakteriya kan daɗe bata gama da su ba, kuma cikinsu akwai masu jawo kansa. An shafa wa ɓeraye tsohon man inji a gwaji an ga yana sa musu kansar fata. In na tuna yadda yaran gareji ke wuni hannu dumu-dumu cikinsa, su wanke da fetur su sa hannu a kwanon shinkafa da wake, sai jikina ya yi sanyi.

Sai zurfi. Juya ƙasa da zuba taki na aiki ne a saman da cebur ke kaiwa. Abun da ya riga ya nutse kuma fa? Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya taɓo daidai wannan, sun tarar a wasu wuraren mai ya nutse ya kai mita 5, don haka salon da ake bi na juya saman ƙasa a bar halittu su yi aikinsu bai wadatar ba. A Nisisioken Ogale sun samu benzin, wani sinadari da ke cikin mai, a ruwan rijiyar da mutane ke sha ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, suka ce gyaran yankin gaba ɗaya zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Namu na gareji ba a haɗa shi da wancan ba, amma mu ma fa unguwanninmu da rijiya muke rayuwa, kuma garejin da a da yake bayan gari yanzu gidaje sun zagaye shi.

Wani abun kuma da ta ja min kunne a kai, ita Pseudomonas aeruginosa ɗin nan gwanar cin mai, ita ce dai ke shiga gyambo da ƙuna a asibiti ta sa miki ya riƙa fitar da korren ruwa, kuma tana da taurin jin magani. A ƙasa ba ruwanta da kowa, amma ba abun da mutum zai ce zai riƙa kiwo a jarka a gida yana fesawa bane. Ni ma da nake juya bahona da hannu sai da ta sa na sayi safa.

Da na koma na ba oga labarin duka, budar bakinsa sai ya ce "Malam ai mu yanzu bama zubar da kwandem, kuɗi ne." Baƙin man juye yake nufi, kuma gaskiya ya faɗa, akwai jarkoki a jere a gefen shago masu saye na zuwa. Wanda ke zuba ƙasa shi ne na cikin tsohuwar filta da ake jefarwa, da wanda ya fallatsa in an kwance noti, da na wankin kayan inji, da wanda yaro ya ga ragowar ba yawa ya watsar. To amma su masu sayen ina suke kaiwa? Mai gini ya shafa a katakon rufi saboda gara, mai buga bulo ya shafa a mol, wani ya zuba a masai wai maganin sauro da wari, wani ya shafa wa kare ko akuya mai ƙazwa, wani ya yayyafa a ƙofar shago don ƙura. Ka ga duk ƙasa ya koma, an dai raba shi ne gida-gida, na masai ɗin ma ya fi kusa da ruwan rijiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juyen mota ɗaya, lita huɗu zuwa biyar ɗin nan, zai iya ɓata ruwan sha galan miliyan 1. Mu kuma duk abun da ruwan Agusta ya wanke daga garejojin cikin gari kwata zai bi, kwata kuma kogin Dilimi ta nufa, a bakin Dilimi kuwa ake noman rani, karas da kabeji da latas da koren tattasai da muke alfahari da su ana lodi zuwa Abuja. Alhali shi wannan man ana iya sake tace shi ya koma sabo, hukumar dai ta ce daga lita kusan 4 na tsoho ana samun kusan 2 da rabi na man inji mai kyau, adadin da sai an tace ganga guda ta ɗanyen mai kafin a samu.

Ni dai a nawa ganin, da za a tambaye ni, kafin a zo maganar bakteriya a fara da rabin duro. A yanka duro a tura ƙarƙashin mota, a kifa filta a kai ta tsane, wajen juye a yi masa daɓen siminti, in ya zuba a watsa garin katako a kwashe. Wannan ba sai gwamnati ba, ciyaman ɗin ƙungiyar kanikawa in ya ce a yi an yi, sun fi jin maganarsa a kan ta kowa. In an daina ƙarawa, sannan a fasa tsohuwar ƙasar a tara ta gefe guda a kan leda mai kauri, a haɗa da kashin kaji, a rufe daga ruwan sama, a riƙa juyawa, a fara da ɗumin Maris ba da sanyin Disamba ba. Da na faɗa wa oga haka ya ce duk ya ji, amma wa zai biya kuɗin kashin kajin, yanzu masu dankali da masu lambu sun sa buhunsa ya yi tsada, sannan filin ma haya yake, in ya gyara gobe mai fili ya ce ya tashi zai yi shaguna. Ban samu amsar ba shi ba.

Ita ko yarinyar ta gama, an yi wa furojet ɗin baƙin bango da rubutun ruwan gwal, an kai an jera inda ake jera na kowace shekara, halittun nata kuma da firji ya kwana biyu ba wuta suka mutu. Abu ɗaya da ta yi da na ji daɗi, ta wanke hoton faifan gilashin nan mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya ta ba ni na kai wa oga, don duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni ina sakamakon ƙasarsa. Ya manna shi a bango kusa da kalanda, in kwastoma ya tambaya sai ya ce yaransa ne na ƙarƙashin ƙasa, su basa neman kuɗin abinci. Rabin duron ma ya yanka, na gani da idona, duk da ranar da na je wani yaro na wanke kafireto ya watsar da fetur ɗin a ƙasa a gabanmu sai da oga ya daka masa tsawa.

Da zan tafi ya leƙa ƙarƙashin Golf ya ce "Malam kai ma fa taka tana ɗiga, oyil sil ne." Na dawo gida na duba inda nake fakin a ƙofar gida, ga baƙin tabo nan ya kai faɗin tire, taku kaɗan daga bakin rijiyarmu. Ya ce in kawo ta Litinin da sassafe kafin layi ya yi tsawo.